Haddar Alƙaluman Gwajin Jini ga Ɗalibin Jinya: Abin da Ake Riƙewa a Ka da Abin da Ake Bar wa Takarda

Daga cikin abubuwan da ke cin ran ɗalibin aikin jinya a shekarunsa na makaranta, kaɗan ne suka kai jadawalin alƙaluman gwaje-gwaje, wato jerin lambobin da ke nuna iyakar da sinadaran jini da ƙwayoyinsa suke tsayawa a jikin mai lafiya, waɗanda ake jibgewa a ƙarshen littattafan karatu shafi bayan shafi, kuma ake sa ran ɗalibi ya shiga da su a ka ɗakin jarrabawar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozomanci ta Najeriya. Ɗalibai da yawa kan kwana suna nanata su a makon jarrabawa, su zuba su a takarda, kafin wata ya zagayo kuwa sun bi iska. Abin da wannan lacca take son tabbatarwa shi ne cewa haddar tana da muhimmanci ƙwarai, amma alƙaluman da suka cancanci a riƙe su a ka ba su da yawa, kuma kowannensu sai an haɗa shi da ma'auninsa, da dalilin da ya sa jiki ke tsare shi a wannan iyaka, da matakin da ake ɗauka idan ya ƙetare ta, kafin ya amfani majinyacin da ke kwance a gado.

Ya kamata a fara da sanin inda lambobin suka samo asali, domin ɗalibi yakan ɗauke su kamar dokar da ba ta canzawa, alhali kuwa ƙididdiga ce ta haife su. Hanyar da aka saba bi ita ce a tara mutanen da aka tabbatar da lafiyarsu, waɗanda bai kamata su gaza 120 ba, a auna sinadarin a jininsu, a jera sakamakon daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma, a cire kashi 2.5 cikin 100 daga ƙasa da wani kashi 2.5 daga sama, sannan abin da ya rage a tsakiya, wato kashi 95 cikin 100, shi ne ake bugawa a matsayin iyakar lafiya. Ma'anar haka ita ce a cikin lafiyayyu 20, ɗaya zai faɗa wajen iyakar ba tare da wata cuta ba, kuma idan aka yi wa lafiyayyen mutum gwaje-gwaje 20 da ba su da alaƙa da juna, yiwuwar a sami aƙalla ɗaya da ya kauce ta kai kusan kashi 64 cikin 100. Tun a 1969 wasu masana biyu na ƙasar Finlan, Ralph Gräsbeck da Nils-Erik Saris, suka yi kira da a daina kallon waɗannan lambobi a matsayin katangar da ta raba lafiya da cuta, a ɗauke su a matsayin abin da ake kwatanta sakamakon majinyaci da shi. Da yake na'urori sun bambanta, mutanen da aka auna ma sun bambanta, ba abin mamaki ba ne wani littafi ya ce potasiyam yana tsayawa a 5.0, wani ya ce 5.1, wani kuma 5.3. Ɗalibin da ya ɓata darensa yana neman wanda ya fi gaskiya a cikinsu ya wahalar da kansa a banza, domin wanda ke da hukunci a asibiti shi ne iyakar da ɗakin gwajin da ya yi aikin ya rubuta a jikin takardar sakamakon.

A nan wani zai iya tambaya, in dai takarda tana zuwa da iyakarta, mece ce fa'idar haddar? Tambayar tana da ƙarfi, musamman da yake masu shirya NCLEX, jarrabawar da ake ba ma'aikatan jinya lasisi da ita a Amurka, sun fara sanya iyakokin a cikin tambayoyinsu tun daga watan Afrilun 2023, suka mayar da hankali kan abin da ɗalibi zai yi da sakamakon. Sai dai halin da nas take aiki a ciki a asibitocin Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar daban ne. Sau da yawa sakamakon yakan zo a rubuce da hannu a ɗan guntun takarda, ko a faɗe shi ta waya, ko ɗan uwan majinyaci ya kawo shi daga wani ɗakin gwaji na kuɗi a cikin gari, kuma a aikin dare nas ce take fara ganinsa, likita kuwa ƙila yana ɗakin tiyata, ko kuma shi kaɗai ne a asibitin baki ɗaya. A irin wannan yanayi abin da ake bukata daga gare ta shi ne ta gane nan take ko takardar za ta iya jiran zagayen safe ko kuwa a tayar da likita yanzu. A 1972 wani likitan Amurka, George Lundberg, ya fito da tsarin ware sakamakon da ke nuna rai yana cikin haɗari, waɗanda dole a sanar da su cikin gaggawa, kuma wannan rabe-rabe shi ne ya kamata ya zama ginshiƙin haddar ɗalibi: kowace lamba tana da iyakar lafiya, tana kuma da iyakar haɗari, ta biyun ce ba a yafe wa nas ta manta.

Babu sinadarin da ya fi nuna haka kamar potasiyam, wanda iyakarsa a ruwan jini take tsakanin 3.5 da 5.0 mmol/L, wato milimol a kowace lita. Kusan kashi 98 cikin 100 na potasiyam ɗin jiki yana cikin ƙwayoyin halitta, inda yawansa ya kai kimanin 140 mmol/L, abin da ke yawo a waje ɗan ƙanƙani ne, kuma wannan bambanci tsakanin ciki da waje shi ne ke samar da ɗan cajin lantarkin da tsokar zuciya take dogara da shi wajen bugawa. Wanda ya fahimci haka ba sai an tuna masa dalilin da ya sa tazarar take da ƙunci ba, da dalilin da ya sa kaucewar maki ɗaya tak take iya rikita bugun zuciya. A ɗauki misalin dattijon da aka kwantar saboda ciwon zuciya, ƙafafunsa a kumbure, ana ba shi furosemide, maganin sa fitsarin da aka fi sani da Lasix, tare da digoxin mai ƙarfafa bugun zuciya. Kwanaki kaɗan sai ya fara kukan kasala, cikinsa ya ɗaure, ya kasa ɗaga ƙafa da kyau, takardar gwaji kuma ta dawo da 2.8. Nas ɗin da ta san cewa furosemide yana zubar da potasiyam a fitsari, kuma ƙarancin potasiyam yana mayar da digoxin guba ko da a kan adadin da likita ya rubuta, za ta kama hannun dattijon ta ƙirga bugun jijiyarsa na cikakken minti guda, ta dakata da ƙwayar digoxin ɗin da ke hannunta, ta kira likita kafin ta ba shi. Idan aka rubuta a ƙara masa potasiyam ta jijiya, za ta tsarma shi a cikin ledar ƙarin ruwa, ta jujjuya ledar ya gauraya sosai, ta sa shi ya sauka a hankali, domin potasiyam ɗin da aka tura kai tsaye da sirinji yana tsayar da zuciya nan take. Irin wannan asarar potasiyam ce ke samun masu amai da gudawa a lokacin ɓarkewar kwalara, shi ya sa ruwan gishiri da sukari na ORS yake ɗauke da potasiyam 20 mmol/L. Ta ɗaya ɓangaren kuma, majinyacin da ƙodarsa ta gaza yana tara potasiyam, kuma duk sakamakon da ya haura 6.0 magana ce ta gaggawa, ko da mutumin yana zaune yana hira da masu dubiya.

Sanin lambar yana kuma koya wa nas ta yi shakkar takardar da ba ta yi daidai da majinyacinta ba. Tunda potasiyam yana cike a cikin jajayen ƙwayoyin jini, duk abin da ya farfasa su kafin a auna, kamar a matso jinin da ƙarfi ta siririyar allura, ko a girgiza kwalbar, ko a bar ta ta yini a kan tebur, yana sa sakamakon ya hau alhali jikin majinyaci lafiya lau yake. Kwalbar nan mai shunayyar murfi da ake ɗibar jinin ƙirga ƙwayoyi a cikinta tana ɗauke da sinadarin hana daskarewa mai potasiyam a ciki, wanda kuma yake kama kalsiyam, don haka idan aka tsiyaya jini daga cikinta zuwa wata kwalba don gudun sake soka wa majinyaci allura, takarda za ta dawo da potasiyam a sama can, kalsiyam kuma a ƙasa warwas. Jinin da aka ɗiba a hannun da ƙarin ruwa ke shiga yakan nuna abin da ke cikin ledar ne maimakon abin da ke cikin mutum. Sukari kuwa yana raguwa da kimanin kashi 5 zuwa 7 cikin 100 a kowace awa a jinin da ba a tace ba, domin ƙwayoyin suna ci gaba da cinsa, kuma zafin bazara yana ƙara wa abin sauri idan ɗan uwan majinyaci ne ya ɗauki kwalbar a aljihu ya hau babur zuwa cikin gari. Shakkar ba ta nufin a yi watsi da sakamakon. Abin da ya dace shi ne a duba majinyaci, a sanar da likita, a sake ɗibar jinin yadda ya kamata ba tare da jinkiri ba.

Sauran sinadaran ba sa bukatar dogon bayani. Sodiyam yana tsakanin 135 da 145 mmol/L, alamominsa kuma a ƙwaƙwalwa suke bayyana, domin idan ya sauka ƙasa da 120 ruwa yana shiga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa har a kai ga ruɗewa da jijjiga, kuma gyara shi da gaggawa ma yana da nasa haɗarin. Kalsiyam yana tsakanin 2.1 da 2.6 mmol/L, ma'aunin tsamin jini da ake kira pH yana tsakanin 7.35 da 7.45, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta suna tsakanin 4,000 da 11,000 a kowace maikurolita, ƙwayoyin daskarar da jini kuma tsakanin 150,000 da 400,000. Ma'aunin INR, wanda ke nuna tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare, yana kusa da 1 a mai lafiya, ana kuma neman 2 zuwa 3 ga yawancin masu shan warfarin, maganin hana daskarewar jini. Abubuwa irin su sinadaran hanta daki-daki da na maƙoƙo ana iya bar wa takarda, tunda ba su cika neman mataki a cikin minti biyar ba.

Inda ɗalibin wannan yanki ya fi fuskantar tarko shi ne wajen ma'auni. Yawancin littattafai da bidiyoyin koyar da hadda da ke yawo a YouTube da TikTok na Amurka ne, inda ake auna sukari da miligiram a kowace desilita, mg/dL, alhali ɗakunan gwaji da yawa a Najeriya suna rubuta shi da mmol/L, na Nijar kuma sun saba da tsarin Faransa na giram a kowace lita. Sukarin mai lafiya da bai karya kumallo ba yana tsakanin 3.9 da 5.5 mmol/L, wanda ya yi daidai da 70 zuwa 99 mg/dL, kuma ana juya na farko zuwa na biyu ne ta hanyar ninka shi sau 18. Mizanin da ake tabbatar da ciwon suga da shi ga wanda bai ci komai ba shi ne 7.0 mmol/L, wato 126 mg/dL, wanda takardar da aka rubuta a Maraɗi ko Damagaram za ta nuna a matsayin 1,26 g/L, da waƙafi a madadin ɗigo. Idan majinyaci ya tsallako da wannan takarda zuwa Katsina, nas ɗin da ta haddace lamba ba ta haddace ma'auni ba za ta ga 1,26 ta ɗauka sukarinsa ya faɗi ƙasa matuƙa. Mafi muni shi ne akasin haka. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa tsanani, ya suma, aka soki yatsarsa ƙaramar na'urar auna suga ta nuna 40, yana kan iyakar nan ta 2.2 mmol/L da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a matsayin faɗuwar sukari a maleriya mai tsanani, kuma ruwan gulukos yake bukata cikin gaggawa. Wanda ya karanta 40 ɗin da idon mmol/L zai zaci sukari ne ya yi masa yawa. Abin lura shi ne yawancin waɗannan na'urori ba sa nuna lambar da ta wuce 33.3 idan a tsarin mmol/L suke. Haka abin yake a gwajin yuriya, dattin da ƙoda ke fitarwa: Amurkawa naitirojin ɗin cikinsa kaɗai suke aunawa, iyakarsu kuma tana kaiwa 20 mg/dL, yayin da iyakar yuriya a tsarin mmol/L ba ta wuce 7 ko 8 ba. Ɗalibin da ya haddace ta Amurka zai ga 18 a takardar Kano ya wuce abinsa, alhali lambar ta ninka iyakar lafiya fiye da sau biyu.

Bayan ma'auni sai tambayar wane ne majinyacin. Himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, ana cewa ya yi ƙaranci idan ya gaza 13 g/dL a namiji baligi, ko 12 a macen da ba ta da ciki, ko 11 a mai ciki, domin ruwan jinin mai ciki yana ƙaruwa fiye da yadda ƙwayoyin suke ƙaruwa, ƙasa da 7 kuwa ƙarancin jini ne mai tsanani a gare ta. A asibitocin Najeriya an fi jin PCV a bakin ma'aikata, wato kason da jajayen ƙwayoyi suka cinye a cikin jini, wanda yakan kai kimanin ninki uku na himogulobin, shi ya sa yaron da maleriya ta kai PCV ɗinsa 15 ko ƙasa, wato himogulobin 5, ake shirya masa ƙarin jini. To amma a ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila a duniya, dole ɗalibi ya san cewa mai sikila yakan rayu da himogulobin 6 zuwa 9 a lokacin da yake cikin sauƙi, don haka abin dubawa a wurinsa shi ne nasa adadin da ya saba da shi. Yaro mai sikila da ya saba zama a 8, yau kuma aka same shi a 5.5, tafin hannunsa ya yi fari, saifarsa ta kumbura, yana cikin haɗari, kuma katinsa na asibiti da bakin mahaifiyarsa ne za su faɗi haka. Har ila yau, akasarin mutanen Afirka ta Yamma suna da wata siffa ta gado a jininsu da ke sa wani nau'in fararen ƙwayoyi, nutirofil, ya zauna ƙasa da iyakar da aka samo daga Turawa ba tare da wata illa ba, abin da ke nuna bukatar manyan asibitocin koyarwa su fitar da iyakokin da aka auna a jikin mutanensu.

Gwajin kiriyatinin, wani dattin da ke fitowa daga tsoka wanda ƙoda ke tacewa, yana koyar da cewa alkiblar da lamba ta nufa takan fi inda take tsaye muhimmanci. Iyakar da aka saba bugawa tana kai-kawo tsakanin 60 da 110 maikuromol a lita, amma siririyar tsohuwar da ba ta da tsoka sosai tana iya zama a 50, idan kuwa ya tashi zuwa 100 bayan kwana biyu tana gudawa, aikin ƙodarta ya ragu ƙwarai duk da cewa takarda ba ta nuna kaucewa ba. Ƙa'idar kula da cutar ƙoda ta KDIGO ta 2012 ta ɗauki ƙarin 26.5 a cikin awa 48 a matsayin raunin ƙoda na farat ɗaya, haka ma fitsarin da ya gaza rabin mililita ga kowane kilo na nauyin jiki a awa har tsawon awa 6, kuma wannan na biyun nas ce take auna shi da idonta a jakar fitsari, ba ya bukatar ɗakin gwaji.

Game da yadda za a yi haddar kanta, Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna a 1885 cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri a awannin farko da ranar farko, kuma komawa kansa bayan tazara yana rage zubewar, a 1972 kuma Sebastian Leitner ya gina tsarin katuna a kan wannan fahimta, inda katin da aka amsa daidai ake jinkirta sake ganinsa, wanda aka kasa kuma ya dawo gobe, kuma irin wannan tunani ne manhajoji irin su Anki suke bi a yau. Ɗan ƙasar Hausa bai kamata ya ji baƙon abu a nan ba, domin almajiri ba ya wanke allo sai ya kawo karatun da ka a gaban malam, kuma ba ya barin na baya ya kwanta, kullum yana komawa kansa a tilawa. Sharuɗɗan biyu ne ke nan, a rufe littafi a jarraba kai, a kuma riƙa komawa baya, kuma su ne ɗalibin da ke karanta jadawali sau goma a dare guda yake tsallakewa. Katin da ya dace ya ɗauki sinadari guda, da iyakarsa da ma'auninta, da iyakar haɗari, da alamar da za a gani a jikin majinyaci, da matakin farko na nas. Katuna goma sha biyar irin waɗannan sun fi jadawali mai layi ɗari amfani. Abin da ke kafe su a ka kuwa shi ne zaman wodi: ɗalibin da ya ɗauki fayil ɗin majinyacin da aka ba shi kulawa, ya yi hukunci a kan kowane sakamako kafin ya kalli iyakar da aka buga, sannan ya je bakin gado ya duba idon mutumin da bugun jijiyarsa da jakar fitsarinsa, ba ya sake mantawa da lambar da ya gani tare da mai ita.

Nauyin gyaran bai tsaya a kan ɗalibi kaɗai ba. Malaman makarantun jinya da masu shirya jarrabawa su daina tambayar lamba tsirara, su riƙa kawo ta da ma'auninta da majinyacinta, su tambayi abin da nas za ta fara yi, su kuma koyar da juya mg/dL da g/L zuwa mmol/L tun a shekarar farko. Shugabannin asibitoci kuma su liƙa iyakokin ɗakin gwajinsu da jerin sakamakon gaggawa a bangon teburin ma'aikatan jinya na kowane wodi, tare da lambar wayar da za a kira da dare.